Saran Ƙasa da Gwiwa

Akwai laifin da ba a kai mutum gaban alƙali a kansa, amma hukuncinsa ba ya kuskure mai shi. Mutum ya tarar da abu a tsaye tun kafin a haife shi, bai san wanda ya tsayar da shi ba, bai tambayi dalili ba, sai ya yanke cewa tunda shi bai ga amfaninsa ba, to ba shi da amfani. Wannan shi ne laifin Lauwali, ɗan wana. Ni ne Mamuda, ƙanin ubansa. A gabana aka yi komai, kuma ba zan rage masa ko kaɗan ba don yana jinina.

Ƙauyenmu yana ƙasar Gwiwa. Da wana ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar matarsa Tasalla, da ɗa namiji guda, da gona babba a bakin hanyar Roni. Wannan gona ita ke ciyar da gidan, babu wata. A cikinta akwai gawo goma sha bakwai, manya, waɗanda mutum biyu ba sa iya rungume gindin ɗaya. Duk wanda ya riƙe fartanya ya san halin gawo. Da damina yakan zubar da ganye ya sakar wa gero rana, da bazara kuma, lokacin da kowace bishiya ta tsiraita, shi yake kore shar yana zubo 'ya'ya.

Mu a nan ƙa'idar sassabe guda ce. Sabara ce, kalgo ne, geza ce, duk abin da ya tsiro a gona, idan za ka sare shi to ka sara daidai gwiwarka, kada gatari ya sauka ƙasa da haka. Kututturen ya zauna a wurinsa, bayan girbi ya yi toho, ya riƙe ƙasa, ya tare ganye da karmami da iska ta kwaso. Gawo kuwa ba a kai masa gatari a gindi sam, sai dai a rage reshe. Mutanen Babura idan sun zo kasuwa sukan tsokane mu, wai mu mutanen Gwiwa har itace sai mun auna shi da sunan garinmu. Mukan yi dariya, mu ci gaba da abinmu.

Akwai kuma Daudu, Bafulatani, wanda kowace rani yakan sauke shanunsa a gonar nan, kamar yadda ubansa ya yi a zamanin ubanmu. Shanu su ci 'ya'yan gawo, su kwana a inuwarsa, su bar taki. Matarsa Adda takan kawo wa Tasalla ƙwaryar nono duk safiya, Tasalla ta cika mata ita da gero. Ba wanda ya taɓa zama ya tsara wannan, haka muka taso muka gani.

Lauwali ya yi shekara shida a Kano yana aikin gini. Ya dawo shekara goma sha shida bayan samun 'yancin kai, lokacin da arzikin mai ya cika birane har ya fara ɗigowa ƙauye. Ya zo da babur sabo da rediyo. Kada a ce rago ne, ko marar jin ƙai, don kafin ya sayi komai na kansa sai da ya rufa wa uwarsa ɗaki da kwano. Abin da ya cika masa kai shi ne tarakta da takin zamani. Ya kawo direban taraktar wani attajirin Kazaure ya duba gonar. Mutumin ya zagaya, ya shuri kututturen sabara da takalmi, ya ce garmarsa ba za ta shiga nan ba, a tumɓuke komai a share ta tas, sannan a kira shi.

Ran nan bayan la'asar Lauwali ya same ni a zaure ina tufka igiya. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya kamata, sannan ya faɗa mini niyyarsa.

Na ce, “Har gawon?”

Ya ce, “Har su, Baffa. Tarakta ba ta zagaye.”

“To ta koyi zagaye mana. Mu da muka yi shekara hamsin muna zagaye su, ƙafarmu ba ta gutsure ba.”

Ya yi murmushi yana kallon ƙasa. “Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, ka faɗa mini dalili guda da ya sa sai a gwiwa za a sara. Me ya sa ba a idon sawu ba? Me ya sa ba a ƙugu ba?”

Na ce masa haka ubansa ya yi, haka kakansa ya yi. Ya ce wannan ai ba dalili ba ne, tarihi ne. A nan ni ma ina da nawa rabon laifin, don na san abin a hannuna da idona, amma ban iya jera shi a baki yadda ɗan birni zai karɓa ba. Sai na yi fushi, na ce ya tashi ya ba ni wuri. Ya tashi cikin ladabi, ya je ya yi abin da ya ga dama.

Ya ɗauko masu zarto daga wani gari, don a namu ba wanda ya yarda ya ɗora hannu. Kwana goma sha ɗaya suna kayar da gawo. Motar wani gidan burodi ta yi ta jigilar itacen zuwa Kazaure. Ƙananan kututture aka haƙe su da diga, har saiwa. Na gawo kuwa sun fi ƙarfin diga, sai Lauwali ya kawo tsofaffin tayoyin mota, ya jibga a kan kowanne, ya zuba kananzir ya cinna wuta. Wutar ta bi saiwa ta shige cikin ƙasa tana ci. Baƙin hayaƙi ya tsaya a kan ƙauyenmu fiye da mako, wankin mata ya yi baƙi a kan igiya, tsofaffi suna ta tari.

Tasalla ta fita gonar sau ɗaya. Ta tsaya a bakin hanya, ta rufe hanci da mayafi, ta daɗe tana kallo. Da ɗanta ya taho wurinta da fara'a, sai ta ce, “A gindin wancan na yaye ka.” Ta nuna wani rami mai hayaƙi, ta juya gida.

Hayaƙin ne ya jawo Silvanus, malamin daji, mutumin kudu, Kirista, wanda ya daɗe a Kazaure har Hausa ta zauna a bakinsa. Mu Malam Silba muke ce masa. Ya jingine kekensa, ya gaishe ni, ya dubi ramukan ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, “Lauwali, da ka sare kawai, da na yi maka faɗa na tafi. Amma ka ƙone saiwar.”

Lauwali ya ce, “Hayaƙi ne ya dame ka, Malam? Jibi iska ta kwashe shi.”

“Ta kai shi ina? A garinmu akwai wutar da ke ci a bakin rijiyoyin mai, tun ina saurayi ba ta mutu ba ko na yini guda. Masu bincike sun ce irin wannan hayaƙi, da na injuna, da na motoci, da na dazuzzukan da ake ƙonewa, ba ya ɓacewa. Taruwa yake a sama ya zama kamar bargo. Zafin rana ya shigo, ya rasa hanyar fita. Itatuwa su ke shanye wani abu daga cikinsa, ga shi kai ka kashe masu shan, ka ƙara abin sha.”

Lauwali ya kwashe da dariya. “Wato tayoyina ne za su dafa duniya? Ashe ni babban mutum ne ban sani ba!”

Malam Silba bai yi dariya ba. Ya ce, “Duniya ta fi ƙarfin tayoyinka, naka ɗigo ne a cikin na manya. Amma idan zafin ya zo, gonar da ba ta da inuwa zai fara gaisarwa.”

Ni ban san zancen bargon sama ba, ban yi karatun da zan gaskata ko in ƙaryata ba. Na dai riƙe maganarsa ta ƙarshe.

Da rani ya kama, Daudu ya iso da shanunsa kamar kullum. Ya tsaya a iyakar gonar, sanda a wuya, hannuwa rataye a kanta. Shanun suka yi cirko-cirko.

Ya ce, “Ɗan Kaɗo, wa ya yi wa gonar babanka aski? Wanzamin nan ba shi da tausayi.”

Lauwali ya ce, “Zamani ne, Baffa Daudu. Yanzu taki a buhu yake zuwa, ba sai an bi gindin saniya ba.”

“To madalla. Buhun yana ba da nono?”

Ya kaɗa shanunsa zuwa gonata da ta maƙwabta. Adda ta ci gaba da leƙo Tasalla kwana biyu, amma da mashekarin ya yi nisa, ƙafa ta ɗauke.

Gaskiya ba ta da daɗi a nan, amma zan faɗe ta. Shekara biyu na farko gonar Lauwali ta yi abin mamaki. Ƙasar tana cike da takin shekaru da toka, ga na zamani a kai, ga tarakta ta juya ta da zurfi. Ya ɗaure dami ɗari biyu da wani abu, ya ƙara rumbu biyu a kan na ubansa. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga Yankwashi. Samari suka fara duban gawon iyayensu da wani irin ido. Ni na kama bakina, don duk abin da na faɗa a lokacin hassada za a kira shi.

A shekara ta uku dami ya ragu. Ya ƙara taki. A ta huɗu ya ragu kuma. Ƙasar da take baƙa mai laushi ta fara yin fari, ruwa idan ya sauka ba ya shiga, sai ya gudu ya yanka kwari ya bi ta hanyar Roni. Attajirin ya sayar da taraktarsa lokacin da kayan gyara suka yi wuya, Lauwali ya koma garmar hannu a gonar da ba ta da inda mutum zai fake ya sha fura.

Sai shekarar fari ta zo, ta bakwai da ƙone gawon. Ban ce shi ya jawo ta ba, Allah ya kiyaye ni da ƙarya. Ta sauka a kan kowa, daga Babura har Roni, har cikin Nijar. Bazarar wannan shekarar ba mu taɓa jin irinta ba, tsuntsaye suna faɗowa daga reshe, rijiyar masallaci sai da aka ƙara mata gaba uku. Ruwan farko ya makara. Da ya sauka muka yi shuka, gero ya tsiro kamar yatsa, sai hadari ya riƙa tasowa da iska mai ƙarfi ba ruwa a bayansa. A gonakinmu iskar tana karo da kututture da toho da gindin gawo, ƙarfinta ya karye. A gonar Lauwali ba abin da ya tsaya mata. Ta kwashi rairayi ta yanke tsiron, ta binne saura. Ya sake shuka, ta binne. Ya shuka na uku da irin da na ba shi, ya zuba masa takin zamani don ya yi sauri, ruwa ya ɗauke kwana ashirin da shida, takin ya ƙone shi a tsaye.

Ni a gonata, abin da ya yi a gindin gawo da kewayen kututture shi na girba, dami talatin da biyu, inda na saba samun ɗari. Ba yawa, amma ya kai mu. Lauwali dami huɗu ya ɗaure, su ma rabi ƙaiƙayi.

Bayan girbi ya hau babur ya tafi Kazaure wurin Malam Silba neman dashe. Malamin ya biyo shi har gonar da diga. Ya ce gawo da sabara saiwarsu tana da rai mai tsawo, idan akwai wadda ta tsira a ƙasa, za ta yi toho da kanta, ta fi kowane dashe sauri, tunda ta riga ta san hanyar ruwa. Suka haƙa rami bakwai ina tsaye. A kowanne gawayi da toka suka tarar, da wayar taya ta yi tsatsa. A na bakwai Lauwali ya ajiye digar ya zauna a ƙasa.

Ya ce, “Baffa, dalilin ke nan?”

Na ce, “Shi ke nan.”

Lauwali ya dasa darbejiya arba'in yana ɗebo musu ruwa a tulu daga rijiyar da mutane ke layi a kanta. Ya je har mashekarin Daudu ya durƙusa, ya roƙe shi ya dawo da shanu ko na wata guda. Daudu, wanda farin ya kashe masa fiye da rabin garke, bai yi masa ba'a ba a wannan karon. Ya ce, “Ɗana, ba ƙi na yi ba. Me za su ci a can? A ina za su kwanta da rana?”

Ga abin da Lauwali ya rasa, ina lissafa shi don masu gatari a hannu su ji. Gawo goma sha bakwai, waɗanda ko jikansa ba zai ga irinsu a wurin ba. Kututturen sabara da kalgo da ba wanda ya ƙirga. Irin shuka har sau uku. Rumbu uku da suka tsaya fanko har gara ta cinye biyu. Babur da rediyo, da suka tafi a bakin buhunan dawa kafin damina ta zagayo. Darbejiya talatin da takwas daga cikin arba'in. Zumuncin gidan Daudu na kaka da kakanni. Uwarsa, da ta kwashe kayanta ta dawo gidana cin tuwo, ta rasu a nan bayan shekara biyu. Sai gonar kanta, kadada shida, wadda ta zama fako, fartanya tana tsalle a kanta, yau yara ke buga ƙwallo a wurin. Shi kuma ya koma Kano yana ɗaukar bulo a ka, yana da shekara arba'in da ɗaya.