Kwalekwalen Azurfa a Cocin Waliyyi Nikolas

Tun da asuba iskar arewa ta fara kaɗa igiyoyin shanya, Stamatiya kuwa ba ta ji daɗin ƙararta ba. Babban jirgin masu yawon buɗe ido ya riga ya tsaya can nesa da gaɓa, fari fat, ya fi ƙauyensu tsawo. Tashar tsibirin ba ta da zurfin ɗaukarsa, don haka ƙananan jirage ne ke jigilar baƙi. Cikin masu tuƙa su akwai Nektariyos, ɗanta tilo.

Ita aikinta yi wa baƙi jagora. Ta kwashe su a motar Lefteris, suka hau dutse zuwa ɗan cocin Waliyyi Nikolas. Lefteris ne ya riƙe Nektariyos ranar baftisma, shi ya sa yake ce mata kumbara, wato uwar ɗan da ya riƙe, yake kuma tsokanarta son ransa. Yau ma ya ce fuskarta ta fi ta surukarsa tsami, kada ta korar masa baƙi. Ta ce ya kula da kwana, ya bar mata fuskarta.

A cikin coci ta nuna musu yadda ake yi: ka jefa kuɗi a akwati, ka ɗauki kyandir, ka kunna. Ta nuna musu ƙananan siffofin azurfa da ke rataye ƙarƙashin hoton waliyyi, ga ƙafa, ga ido, ga jariri, kowanne alwashin wani ne. Nata ne kawai ba ta nuna ba. Ɗan kwalekwale ne, bai kai tafin hannu ba. Ta rataye shi ranar da Nektariyos ya fara tuƙi, shekarar da teku ta cinye mahaifinsa, tun daga ranar kuma bai bar ƙusarsa ba.

Ita ce ta ƙarshen fita. Ta juya don ta yi alamar gicciye, sai ta ga ƙusar babu komai. A ƙasanta wani ya ajiye tsabar kuɗin yuro, a tsare, kamar mai biyan kuɗin kyandir.

A mota ta tambaya cikin ladabi ko wani ya ɗauki wani abu bisa kuskure. Ba wanda ya saurare ta. Duk sun manne da tagogi suna ɗaukar hoton teku, wadda ta fara fari kamar an watsa mata auduga. Lefteris ya dubi Stamatiya ta madubi, bai sake yin wasa ba.

Da suka sauka, ruwa na tsallake bakin tasha yana wanke ƙafafun mutane. An aiko daga babban jirgi cewa a dawo da kowa yanzu. Nektariyos na tsaye yana kama hannun baƙi ɗaya bayan ɗaya. A nan ta hango kwalekwalen azurfar, yana lilo a wuyan wata tsohuwa mai malafa.

Matar ba ɓarauniya ba ce. Ta zaci tsarin kyandir ne, ka biya ka ɗauka, jikanta ta yi wa tsaraba. Da ta fahimta, ta kwance shi tana ta ba da haƙuri.

Stamatiya ta riƙo rigar ɗanta. "Ka jira in mayar da shi tukuna, ɗana. Ba zan daɗe ba."

"Mama, waliyyi ya san jirgina, ba sai ya duba azurfa ba." Ya yi dariya, amma ta ga ya yi alamar gicciye kafin ya kama sitiyari. Ya ce in ba a tafi yanzu ba, yau babu tafiya. Aka kwance igiya.

"Shiga, kumbara," in ji Lefteris.

Bai taɓa hawa dutsen nan da irin wannan gudu ba. Ta shiga coci tana haki, ta rataye kwalekwalen, ta gyara masa zama. Iska ta biyo ta ƙofa, kyandiran baƙi duk suka mutu, saura fitilar mai da ke gaban waliyyi, ita ma tana ta kwantawa tana tashi.

Ta ƙi fita ta duba. Kowa a tsibirin ya san babban jirgi ba ya busa ƙaho sai fasinjan ƙarshe ya hau. Ta tsaya tana saurare, ba ta jin komai sai kukan iska a rufi.

Can an jima ƙahon ya zo, a shaƙe. Lefteris ya leƙo daga bakin ƙofa, hularsa a hannu, ya ce sun isa.

"Baƙi ne suka isa," ta ce. "Shi sai ya dawo."

 Lefteris ma ya san yadda igiyar ruwa ke yi da jirgin da ke dawowa babu nauyin fasinja. Kwalekwalen azurfar na ta kaɗawa a kan ƙusarsa. Stamatiya ta ɗora yatsa a kansa, ta danne shi a jikin katako, ba ta ɗauke ba.