Fin Mai Koren Kai

Daren Talata, bayan sallar isha'i, mutanen unguwa suka ji wani kuka daga wajen maƙabarta, siriri, kamar na akuyar da igiya ta shaƙe. Ya yi shiru, ya sake tashi. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce wani mamaci ne bai ji daɗin kwanciya ba.

Sha'aibu mai walda kaɗai ya san ko mene ne.

Da safiyar ranar ce Jumare, direban da ke ɗauko matan ruga masu tallar nono daga Garaku, ya kawo masa a-kori-kura ta karkace gefe guda. Mazaunin sifirin na baya ya tsage. Sha'aibu ya yanka ƙarfe ya ƙera sabo, ya liƙa. Saura fin, wato sandar ƙarfen da ake zurawa don sifirin ya riƙa juyawa a kanta. Ya zazzage buhun tarkacensa, babu mai kaurin da yake so. Sai ya tuna da hinjin ƙofar maƙabarta, ƙofar da shi ya ƙera bara kyauta, har liman ya sa masa albarka a masallaci. Da azahar ya je ya zare fin ɗin sama, da niyyar mayar da wani kafin magariba. Aiki ya sha kansa. Ƙofa ta kwana a hinji ɗaya, iska na wasa da ita.

Washegari aka tarar ta faɗi, shanu sun shiga sun tattake kaburbura uku, har da na mahaifiyar Modibbo, dattijon da ke maƙwabtaka da shi.

Modibbo ya zo gareji, idonsa ja. "Malam Sha'aibu, kai za ka taimake mu. Wani marar tsoron Allah ya sace ƙarfen ƙofa."

"To, Baba," in ji Sha'aibu, yana kallon ƙasa.

Suna haka Jumare ya ci burki a gabansu, yana washe baki. "Oga, ko ƙwarya ɗaya ba ta zube ba yau. Fin ɗin nan ɗan Jafan ne, ko? Baba, leƙa ka ga aiki."

Modibbo ya dafa gwiwa ya tsugunna. Ya daɗe a nan ƙasa. Ya sa farce ya kankari kan fin ɗin, ya dubi ɓawon fentin da ya maƙale masa, kore shar irin na ƙofar.

"Malam Sha'aibu," in ji Modibbo a hankali, "tun yaushe Jafan suka fara shafa wa fin koren fenti?"