Igiyar Hajo a Gaban Kyamara

Da masu shirin talabijin suka zo Maska neman tsofaffin da za su fito a wasansu, Hajo ce ta tura mijinta Isyaku gaba, har da cewa ita ma a sa ta. Labarin yajin aikin ma'aikatan wata masaƙa ne a Funtua, shekarun baya, kuma Isyaku ya yi aiki a masaƙar har ƙarar injin ta cinye masa rabin ji, kafin a kore shi. Darakta Awaisu ya ji daɗi ya samu mata da miji na gaske. Ya sa wa Hajo suna Lauratu, ya ba ta zani irin na da.

Fitowar ba wuya. An kori maigida saboda ya ja gaban yajin aiki, ya dawo gida, matar ta dame shi da zancen cefane, ya fusata.

Isyaku ya shigo, ya dube ta ido cikin ido, ya ce, "Tafi gidanku, na sake ki."

Hajo ta ƙyalƙyale da dariya, sai aka maimaita. Na biyun ya yi kyau, amma wani babur ya wuce ya ɓata sauti. Ana cikin gyara fitilu, Tsohuwa maƙwabciyarsu, wadda ba a taɓa yin abu a unguwa ba ta ba, ta ja Hajo gefe.

"Ke Hajo, biyu ke nan fa. Malamai sun ce wannan kalmar ba a wasa da ita."

"Ai Lauratu ya saka, Yaya, ba ni ba."

"Da ya faɗa, ya ambaci Lauratu? Fuskar wa yake kallo?"

Hajo ta tambayi Awaisu, ya yi dariya ya ce, "Baba, wasa ne kawai." Shi kam zai ce haka, tunda ba aurensa ba ne. Ta dubi zanin Lauratu a jikinta, ta dubi hannunta, nata ne. Tsoro ya kama ta sosai. Auren da ya tsallake korar gaske da yunwar gaske, yau zai mutu saboda babur?

Aka ce a sake ɗauka. Isyaku, da bai ji komai ba, ya shigo da fushinsa. Yana buɗe baki ta toshe shi da tafin hannu.

"Malam, kada ka ƙarasa. Igiya ɗaya ta rage mana."

Sai da ta faɗa da ƙarfi a kunnensa mai ji. Ya shiga lanƙwasa yatsu yana ƙirge. Fuskarsa ta canza.

"Hajo, to na safe fa?"

"Wane na safe?"

"Da na gwada a gabanki, kina dama koko. Har kika ce mini to."

Ta tuna. Ta zaci sikari yake tambaya.

Awaisu ya yi ta rantsuwa babu abin da ya faru, Tsohuwa ta ce a je wurin liman. Da babur ɗin haya ya zo, Isyaku ya hau, ya matsa gaba ya bar mata wurinta kamar kullum. Hajo ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta gyara mayafi ta ce, "Yi gaba, Malam. Zan biyo ka a ƙafa."