Ganimar Kawu Bakri

Ayarin masu umara ya tashi da hantsi, ya bar masaukin Anbariyya, a birnin Manzon Allah, kamar garin da aka ci da yaƙi. Barguna, butocin shayi na lantarki, takalma wari-wari, dabinon da ya fi ƙarfin awon jirgi. Al'adar gidan ita ce a kwashe duka a jibge a ɗakin ƙasa, bayan la'asar ma'aikata su raba. Ganima suke ce masa. Ba wanda ya taɓa tambayar da wa aka yi yaƙin.

Lurwanu, mai gyaran ɗakunan hawa na uku, bai kai komai ƙasa ba. A bayan ƙofar wani ɗaki ya tarar da keken guragu a naɗe, tayoyinsa ko ƙura ba su sha ba. Ya haura da shi saman bene, ya tura bayan tankin ruwa. Innarsa Kaltuma shekara biyu ke nan gwiwa ta hana ta zuwa Harami. Daga tagar ɗakinta tana hango hasumiyoyin masallacin, ta yi wa Manzon Allah sallama daga nan.

Matsalar ita ce Kawu Bakri ya riga ya ga keken, kuma ya riga ya yi masa wuri a gidan surukinsa a unguwar Aƙiƙ.

Bakri shi ne babban ma'aikatan, Bahaushen Sudan, mutumin da ke zuwa karatu sau ɗaya a wata ya dawo da abin da zai ishe su har wata mai zuwa. Ya tara su gaban tulin kayan, ya gyara hula.

"Kun san Bani Isra'ila ba sa cin ganima?"

"Me suke ci, Kawu?" in ji Ɗan'inna mai wanki.

"Haƙuri. In sun ci gari, su tara komai wuri guda, wuta ta sauko ta cinye. Na Allah ne, ba na mai takobi ba. Wata rana wuta ta zo ta ƙi ci. Annabinsu ya ce akwai wanda ya ɓoye. Aka yi ta miƙa masa hannu, har hannun maciyin amana ya manne. A littafinsu ma an ce wani ya binne riga da zinariya a ƙarƙashin tantinsa, rundunar duka ta sha kashi saboda shi. Jifa aka yi masa."

"Kan riga," in ji Ɗan'inna. "Allah ya sa dai mai aiki ce."

Bakri bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu. "Arabiyya, keken nan na guragu, ta ɓace daga hawa na uku. Kowa ya zo."

Suka jeru. Layi ya zo kan Lurwanu. In aka gane, keken ya tafi Aƙiƙ, ya zama wurin ajiye kilishin salla. Ya miƙa hannu. Bakri ya riƙe, ya ƙi saki.

"Ya manne, ya waladi."

"Kai ka riƙe, Kawu."

"Haka ake mannewa."

A nan Abdulfattah mai masaukin ya shigo. Kakansa daga Katsina ya zo a ƙafa, shi kuwa Hausarsa ta tsaya a gaisuwa da faɗa. Ya dubi tulin ya toshe hanci.

"Esh hada? Mene ne wannan?"

Bakri, da ya sami babban ɗalibi, ya sake karatun daga farko, har da wutar da jifan. Abdulfattah ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai.

"Masha Allah. Ba mai ɗauka, kenan? Duka a hallaka?"

"Su dai haka aka yi musu."

"Mumtaz. Gobe baladiyya, hukumar gari, za su zo duba tsafta. Halas, a zuba duka a kwandon shara na waje. Yau."

Hannun Lurwanu ya ɓalle daga na Bakri nan take, ba tare da wata mu'ujiza ba.

"Ya shehi, ai wannan shari'arsu ce," in ji Bakri, idonsa na kan wata butar shayi. "Mu an halatta mana. An sauƙaƙa wa al'ummar nan."

"Da kun yi yaƙi," Abdulfattah ya ce, ya fita.

Har magariba suna jigila. Bakri da kansa ya ɗauki butar, ya ajiye ta a hankali a saman shara kamar mai kwantar da jariri. Bai ƙara zancen keke ba. A cikin ganimar gari guda, abin da aka ɓoye ne kaɗai ya tsira. Lurwanu ya yi tunanin wannan ma darasi ne, amma bai san a wane littafi yake ba.

Washegari, ranar hutunsa, ya turo keken har ƙofar ɗakin Inna. Ya buɗe shi. Ta dube shi, ta dubi ɗanta.

"Na wa?"

"Barinsa aka yi."

"Mantuwa daban, bari daban. Juyo min bayansa."

Ya juya. An manna wata takarda, da lambar waya a jiki.

"Ba zan je gaida Manzon Allah a kan kayan wata ba. Kira."

"Inna, mutanen suna jirgi."

"Jirgi yana sauka."

Ya kira. Shi dai ya san tsohuwar da ta sauka a ɗakin da ya tarar da keken 'yar Damagaram ce, amma wanda ya ɗauka wani namiji ne, da wani yare da Lurwanu bai taɓa ji ba ko a Harami. Ashe ita ma tsintarsa ta yi. Ya gwada Larabci, ya gwada Hausa. Mutumin ya yi dogon bayani, ya yi dariya, ya kashe.

"Me ya ce?"

Lurwanu ya dubi hasumiyoyin ta taga.

"Ya ce ya yafe."

"Da wane baki?"

Kaltuma ta daɗe tana kallon keken. Ta miƙa hannu ta latsa mazaunin, ta ji laushinsa, ta janye.

"Naɗe shi ka jingina can. Ka nemo mai jin yarensu a kasuwar dabino, ya sake faɗa a gabana."