Garafuni a Famfon Wanka

Ranar da Baba ya yarda zai hau jirginmu na ruwa, ko karin kumallo ban iya ci ba don murna. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta sa ya jingine kwalekwalensa bai sake ƙetare bakin kogi ba, shi da ya tsufa yana kamun kifi a tekun garinmu Ada. Ni da yayana Kabute mun roƙe shi har mun gaji tun da muka gama gyaran tsohon jirginmu mai filafilan kama iska. Kullum amsarsa guda: jirgin da ke da banɗaki a ciki ba jirgi ba ne, otal ne. Rannan dai ya ce, "Maku, sau ɗaya zan je. In aka fasa, kada wanda ya sake tayar min da maganar." Kuma Baba ba ya magana biyu.

Da hantsi ya iso yana dogara sanda, da bokiti mai murfi a hannunsa mai lafiya. Ya ce zai sauka ya ga otal ɗin, ya kuma hana a raka shi. Muka bar shi, muka ci gaba da loda dokunu, wato tuwon masara a ƙunshe, da soyayyen kifi muna waƙa. Ruwa yana cika, iska tana kaɗawa daidai yadda ake so. Bakin kogin nan sai ruwa ya cika ake ƙetare shi, in ya fara janyewa tafiya ta mutu. Can sai ga Baba ya fito ya zauna a baya, fuskarsa sai sheƙi take yi.

Na sauka ajiye kwandon abinci, ƙafata ta faɗa ruwa tsundum.

"Yaya! Ruwa a ƙasa!"

Kabute ya duro har yana buga kai. Ya yi abin da kowane ɗan masunci zai yi: ya tsoma yatsa ya lasa. Ya ƙara ɗiba da tafin hannu ya kurɓa don ya tabbatar.

"Gishiri! Maku, mun shiga uku, jirgi na yoyo!"

Ruwan tankinmu ba shi da gishiri, in kuwa aka ji gishiri to daga waje yake shigowa, kuma ba mai hankalin da zai fita teku da jirgi mai yoyo. Kabute ya hau ɗaga katakan ƙasa yana addu'a da ƙarfi, don shi dattijo ne a cocinmu, ko ƙusa zai buga sai Ubangiji ya ji. Kusa da inji a bushe. Gaban jirgi a bushe. Ni kuwa na bi ruwan da ido, na ga daga ƙofar banɗaki yake gangarowa.

A ƙarƙashin wurin wanka akwai ɗan akwati da ruwan wanka ke taruwa. In ya cika, wani ɗan ƙwallo mai yawo ya ɗaga, sai famfo ya tashi ya zuƙe ruwan ya watsa waje. Na kasa kunne, famfo shiru.

"Duba fis ɗin wutar famfo!" na ce.

"Lafiyarsa lau."

"Batir fa?"

"Ke, ana zancen yoyo kina zancen wanka? Wa ya yi wanka a nan?"

"Ni dai riƙe min tocila ka rufe min baki, Yaya."

Na kwanta rub da ciki na kwance murfin akwatin. Ya cika maƙil da wani koren ruwa, ƙwallon ya maƙale a ƙasa, abu ya nannaɗe shi. Na ɗaga shi da yatsa, famfo ya yi gurnani amma ko ɗigo bai ja ba. Ihu na yi don daɗi, tunda dai yana da rai! Na zaro rariyar bakin tiyo, ga ta toshe da ganye. Na shinshina. Garafuni ne, har da tsakuwoyin gishirin tafkin Songor da ba su gama narkewa ba.

Kabute ya dubi ganyen, ya dubi tafin hannunsa. Muka ɗaga kai tare. Baba na tsaye a bakin matakala yana kallonmu.

"Baba," in ji Kabute a hankali, "wanka ka yi?"

"Na yi."

"Ruwan wankanka na sha?"

"Wa ya aike ka? Lasa ake yi, kai ka kurɓa kamar koko."

Dariya ta kwantar da ni a cikin ruwan. Kabute na ta tofar da yawu yana cewa haba Baba, mutum ya yi baftisma ya koma wankan ganye, kuma yana ji muna ihun yoyo ya yi shiru.

"Shi ya sa ban faɗa ba, na san wa'azi zan sha," in ji Baba. Sai muryarsa ta sauka. "Wanda ya daɗe bai shiga teku ba, sai ya yi wankan nan kafin ya koma. Haka ubana ya yi. In na yi a gida, uwarku za ta gani. Ni tsoro nake ji, Maku. Na bar teku da ƙafa biyu, yau zan je mata da sanda."

Na daina dariya, tausayinsa ya kama ni. Ban taɓa jin kalmar tsoro a bakin mutumin nan ba. Kabute ya matso kusa da ni. Ya karɓi rariyar daga hannuna ya wanke ta da kansa. Na mayar, na saki ƙwallon, famfo ya ɗauka, fuuu, ruwa ya fara feshi a gefen jirgi.

"Saki igiya!" na daka wa Kabute tsawa. "Ruwa zai juya!"

Muka ɗaga filafilai, jirgi ya kwanta gefe ya zabura. Masu kwalekwale suka hango wanda ke zaune a baya, suka hau kiran sunansa suna buga gefen jirage. Ga bakin kogi a gabanmu, fari fat da kumfa, sai ruri yake yi. Na ƙanƙame sandar tuƙi. Sai na ji hannun Baba mai lafiya ya sauka a kan nawa.

"Kada ki sakar min sandar," ya ce. "Amma matsa kaɗan, ni zan shigar da mu teku."