Ido na Uku a Bayan Motar Cha'ibu

Cha'ibu ya yi shekara ashirin da bakwai yana tuƙi bai taɓa take ko kaza ba, kuma duk wanda ya saba zama da shi a tashar Mayahi ya ji wannan magana daga bakinsa ba sau ɗaya ba. A shekarar da sojoji suka sake karɓe mulki, shi ke jan kat-kat, motar shiga daji, ta wani firoje, wato shirin agaji mai kai abinci ƙauyuka. Daminar da ta wuce ta yi gardama, gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, kafin bazara ta yi nisa rumbuna sun koma wurin kwanan kaji. Da can ba a son jin kalmar yunwa a rediyo. Da sababbin masu mulki suka ce a faɗe ta, sai buhuna suka fara shigowa.

Motar tsohuwa ce, ta gama yawonta a Turai kafin ta iso. A jikin farashok ɗinta na baya, wato bamba, akwai waɗansu idanu huɗu baƙaƙe kamar maɓallan riga. In ya sa giyar baya sai su kama kuka, tit, tit, suna ƙara sauri gwargwadon yadda ya matso kusa da abu. Farkon zuwanta dariya ya yi musu, ya ce na waɗanda suka koyi tuƙi jiya ne. Amma da aka fara shaƙe motar da buhuna har rufi, madubin ciki ya zama ado, mata da 'ya'yansu kuma suna yanyame bayanta a kowane gari, sai ya daina dariyar.

Ranar wata Laraba suka je wani ƙauye gaba da garin Sarkin Hausa, shi da Madam Zeinabou, ma'aikaciyar jinya mai auna yara masu tamowa. Aka sauke rabon garin, aka bar na ƙauyen gaba a ciki. Cha'ibu ya zagaya motar ya kori mutane, ya shiga, ya sa giyar baya. Motar ta yi wani dogon kuka guda ɗaya, ta yi shiru. Ya ɗauka hanya a buɗe take, ya saki birki.

Ihun mata ne ya sa ya take shi da ƙafa biyu.

Da ya zagayo, wata tsohuwa ce kwance a rairayi, ƙwaryarta ta dare biyu a ƙarƙashin taya. Ashe wani buhu ya tsiyaye wajen saukewa, Cha'ibu na juya baya ta durƙusa tana tsintar geron ƙwaya-ƙwaya. Farashok ya ture ta, gwiwar hannunta ta goge tana jini. Tsakanin kanta da tayar bai kai taƙi ba.

"Inna, sannu! Inna, ki gafarce ni," yake ta faɗi.

Ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Rairayin take tarawa da hannu mai lafiyar, tana cewa kada a tattake mata geron.

Madam Zeinabou ta wanke ciwon ta ɗaure, ta sa aka ɗibar wa tsohuwar gero tiya biyu. A hanyar komawa, da suka hango hasumiyar masallacin Mayahi, Cha'ibu ya juyo gare ta.

"Madam, motar ga ba ta sake shiga cikin mutane sai an gyara idanunta."

"Baba Cha'ibu, in munka kai ta Maraɗi sati guda za ta yi. Ƙauye goma sha ɗaya ke jiranmu. Ni in riƙa sauka ina duba maka baya."

"Ke kina duba dama, wani ɗa ya rarrafo ta hagu. Gobe za ni Tasawa ɗauko buhuna. Ki ba ni wunin, na san wanda zan gani."

Ta dube shi, ta ga ba maganar da za ta tanƙwara ba ce. Ta ce to, amma Juma'a da safe mota ta kasance a bakin aiki.

Wanda zai ganin shi ne Amani, mai gyaran wayoyin mota a bayan tashar Tasawa, sa'ansa ne, tare suka yi karen mota a zamanin ƙuruciya. Ya same shi ƙarƙashin rumfar kwano, tabarau ɗaure da zare. Amani ya saurari labarin har ƙarshe bai katse shi ba, sannan ya buɗe akwatin fizibil, wato fis ɗin wutar mota, ya zare na idanun ya ɗaga shi ga rana. Lafiyarsa lau. Ya sa aka kawo ruwa ya wanke idanun huɗu tas, ko jar ƙasar hanya ce ta toshe su. Aka gwada. Dogon kuka guda, sai shiru.

"Ka ji wannan kukan? Ba gaisuwa ba ce, ƙara take kai maka," in ji Amani. "Cewa take ɗaya daga cikinsu ya mutu. Su kuwa in ɗaya ya mutu, sauran ukun zaman makoki suke, ba mai sake aiki."

"To ƙaƙa za mu gane mamacin?"

"Da kunne. Sai dai nawa janareto ya cinye su tun tuni. Naka za mu ara."

Ya ja birkin hannu, ya murɗa makulli ba tare da ya tada inji ba, ya sa giyar baya. Ya ce kowane ido mai rai yana wani ɗan ƙas-ƙas da ba a ji sai an manna kunne. Cha'ibu ya durƙusa ya kara kunnensa, amma ina, masu bugun kwanon mota na gefe sun cika wurin da ƙarar guduma. Ya miƙe ya tafi wurinsu ya yi sallama, ya roƙe su arzikin minti biyar. Suka yi masa kallon wanda rana ta taɓa. Da ya gaya musu dalili, babbansu ya ajiye guduma, sauran ma suka ajiye, har suka biyo shi suka tsaya suna kallo.

Ya sake durƙusawa. A ido na farko ya ji shi, siriri, kamar gara na cin azara. Na biyu ma haka. Na uku ya daɗe a kansa, ya sauya kunne, ya riƙe numfashi. Ba kome. Na huɗu yana yi.

"Na uku," ya ce.

"Kada mu yi mishi ƙazafi. Wataƙila waya ce ta tsinke."

Amani ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar, ya kira Cha'ibu ya shigo ya gani. Ya nuna masa 'yan haƙora biyu na roba da ke riƙe da idon ta ciki, ya buɗa su da yatsa, ya turo shi waje, ya zare soket. Ya cire na biyu ma, ya musanya musu wuri. Cha'ibu ya sake saurarawa. Na biyun yana ƙas-ƙas a gurbin na uku, na ukun kuma ya tafi da shirunsa sabon wuri. Da suka duba shi a haske sai ga wata 'yar tsaga kamar gashi, inda tsakuwa ta buge shi ruwan wanki ya samu hanya.

"Waya lafiya lau. Ido ne ya tsiyaye," in ji Amani. "Irinshi kuwa babu a Tasawa. Ko Maraɗi sai an aika Kano."

"Duk garin ga ba mota irin wagga?"

Amani ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce akwai guda, amma ba ta taɓuwa. Ta Alhaji Ishaƙu ce, mai fataucin fata. Shekara biyu ke nan da ɗansa Laminu ya yi karo da babbar mota a cikinta kan hanyar Damagaram, ya rasu nan take. Gabanta ya murƙushe, bayanta ko ƙwarzane babu. Alhaji ya sa aka jawo ta bayan gidansa aka rufe da tabarmi. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun je sun fi sau biyar, kora da sanda suka samu.

"Kwatanta mini gidan," in ji Cha'ibu.

Ya samu Alhaji Ishaƙu a zaure bayan azahar, dattijo dogo mai farin gemu, carbi a hannu. Aka gaisa, aka tambayi zafi da halin gari. Yana ambaton motar fuskar Alhaji ta rufe.

"In wannan ta kawo ka, ka sha ruwa ka kama hanya."

"Ranka shi daɗe, abu ne kamar maɓalli..."

"Ko allura ce. Sai an jima."

Cha'ibu ya fito, amma bai tafi ba. Ya samu gindin bedi a ƙofar gidan ya zauna. Rana ta ƙwalle, iska kamar daga bakin tanda, wasu raguna da ƙashin haƙarƙarinsu ke ƙirguwa suka wuce ana kora su kasuwa. Ya san mai kula da magazan, ɗakin ajiyar buhuna, yana rufewa ƙarfe biyar. Ya kuma san in ya tashi daga nan, gobe zai sa giyar baya cikin mata da yara yana addu'a kawai. Ya gyara zama.

Da aka kira la'asar Alhaji ya fito ya gan shi, ya wuce. Cha'ibu ya bi shi masallaci ya yi sahu a bayansa. Da aka sallame ya jira shi a bakin ƙofa, riƙe da takalmansa a hannu.

"Kai ba ka jin Hausa ne?" in ji Alhaji.

"Ina ji, Alhaji. Ka ba ni izini in faɗi abin da ya kawo ni har ƙarshe. In na gama ka ce in tahi, wallahi ba ka sake ganina."

Alhaji ya tsaya, bai yi gaba ba. Nan a tsaye Cha'ibu ya ba shi labarin ranar Laraba, bai rage laifinsa ba, bai ƙara gishiri ba. Ya ciro mataccen idon daga aljihu ya ɗora a tafin hannu.

"Tsohuwar ta rayu?"

"Ta rayu."

"Mi ka ce take tsinta?"

"Gero. Cikin rairayi."

Alhaji ya ja carbinsa ƙwaya uku ko huɗu. Sai ya juya ya nufi lungun da ke bi ta bayan gidansa, ya ce, "Biyo ni."

Motar na nan jikin katanga, tayoyinta sun sace sun nutse a ƙasa, tabarmin sun ci rana sun yi fari. Alhaji bai yarda Cha'ibu ya taɓa su ba. Da kansa ya ɗaga ta bayan, ya riƙe ta sama, ya kau da fuskarsa daga wajen gaban motar. Ga idanun nan huɗu a jere, masu ruwan azurfa.

"Laminu ya kan sa ta baya da gangan don ƙannenshi su ji kukan," in ji shi, muryarsa can ƙasa. "Yi maza. Kada ka karya kome."

Cha'ibu ya yi bisimilla ya kwanta a ƙasa mai zafi. Ƙura ta zubo masa a ido, yanar gizo ta manne masa a gemu. Ya lalubo haƙoran nan biyu yadda Amani ya nuna masa. Robar ta bushe, ya ji in ya matsa da ƙarfi za ta ɓalle. Ya riƙa buɗa su kaɗan-kaɗan da farce, yana hutawa, har idon ya motsa ya faɗo cikin hannunsa. Ya zare soket a hankali ya fito.

"Allah ya jiƙan Laminu, ya sa wannan cikin mizaninshi."

"Amin," in ji Alhaji, ya saki tabarmar. Har Cha'ibu ya kai bakin lungu ya ji ya ƙara da cewa, "In wani ya sake mutuwa, ka zo da kanka. Kada ka aiko kowa."

Da ya koma gareji, Amani ya hure soket ɗin, ya goge bakinsa, ya tura sabon idon cikin gurbi har ya ce ƙyat. Cha'ibu ya kara kunne, huɗun duka suna ƙas-ƙas. Ya shiga ya tada mota ya sa giyar baya. Ba dogon kuka. Amani ya tako daga nesa ta bayanta, motar ta fara tit, tit. Ya matso, ta ƙara sauri. Cha'ibu ya leƙo ta taga ya ce a tsaye ba gwaji ba ne, sai dai Amani ya durƙusa. Amani ya yi tsaki, ya tattare riga ya tsuguna daidai ido na uku, motar ta ɗauki kuka ba tsayawa. Masu bugun kwano suka sa shewa. Sai da Cha'ibu ya sa shi ya tsuguna a kowace kusurwa, har Amani ya ce gwiwoyinsa ba na firoje ba ne.

Cha'ibu ya iske mai magazan yana sa kwaɗo, ya roƙe shi ya buɗe, shi ma ya sa kafaɗa aka yi lodi. A shingen fita gari wani soja ya karɓi takardun tafiya ya duba, ya zagaya motar, ya tsaya a baya.

"Mi ya sa guda fari, ukun baƙaƙe?"

"Na aro ne, sarjan."

Sojan ya miƙo takardun ya ɗaga sanda.

Ana kiran magariba ya shiga Mayahi. Madam Zeinabou na zaune a bakin ofis da tulin katunan yara a cinya. Ta dubi rigarsa da ta koma ja, ta dubi buhunan.

"An dace?"

"An dace, Madam."

"To madalla. An aiko daga wajen Gidan Amumune, yara huɗu sun kumbura, ba su jiran Asabar da munka sa musu. Can za mu fara."

Cha'ibu ya ce sai dai su bi ta hanyar arewa, ta kudu rairayinta ya yi yawa ga mota mai kaya. Ya tambaye ta ko za a sauke buhu biyar a bar wa iyayen yaran wurin zama. Ta ce a sauke shida. Ya naɗe hannun riga ya buɗe bayan motar.