Kar A Taɓa

Ruwan da ya kashe mana na'urori daga banɗakin bene ya zubo. Bututun masai ne ya fashe ranar hutu, ya yi ta tsiyaya ta silin har ya jiƙe ɗakin kwamfutoci sharkaf. Da na buɗe ƙofa da safe warin ya doke ni kamar mari. Manyan na'urorin da ke ɗauke da duk aikin kamfaninmu na ɗinki suna tsaye cikin ruwan ƙazanta, ɗaya tana ƙyafta jar wuta, sauran sun yi tsit. Na toshe hanci da gyale, na fito ina kakarin amai.

Ni ce mai kula da su. Girgije muke ce wa tsarin, amma namu girgijen a ɗaki yake zaune: ƙarafa ne a jere, a cikin kowanne akwai ƙananan kwamfutoci da ba a gani da ido, kowacce da aikinta. Kamfani ya sayo sababbin ƙarafa, aka ba su ɗaki nesa da kowane bututu. Saura zuba musu rai, hanya kuma biyu ce. Ko a ɗauko kwafin ajiya a juye shi ɗungurungum, komai ya dawo yadda yake har da dattin shekara da shekaru, ko a gina sabo, a bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ana tambayar mai ita da amfaninta, wadda ba ta da mai ita a bar ta a baya. Ni ginin nake so, Manaja ya ce sam.

Manaja mijin yayata ne, mutum mai yawan turare da dariyar da ba ta da dalili. Ko na'urar buga takarda ce ta maƙale sai ya aiko a kira ni, amma a makon nan ya zama masani, sai zarya yake ofishina.

"Ƙaramar madam, wane irin gini kuma?" in ji shi, ya ɗora ɗuwawu a gefen teburina. "Ki maido mana komai kaf yadda yake. Ba sai kin tsaya leƙe-leƙe ba, ki juye kawai mu ci gaba da aiki."

"Yaya, idan na juye har da ruɓaɓɓen zai dawo."

"Ya dawo mana! Da ruɓaɓɓen muka kai inda muke."

Da yamma sai ga wayar yayata. Wai ya koma gida ko abinci bai ci ba, don Allah in daina wahalar mata da miji, in yi masa yadda yake so. Na ce to, don ba na musu da ita.

Sai dai ina da ɗabi'a guda: ba na zuba kwafin ajiya a sabuwar na'ura sai na fara kunna shi a wata ta gefe, wadda ba ta haɗe da komai. Washegari na yi hakan. Ga ta oda, ga ta zanen riguna, ga ta sito, ga ta kyamarorin bakin ƙofa, duk na san su kamar 'ya'yan cikina. Can ƙasa na ga wata baƙuwa, an rubuta mata suna da manyan baƙaƙe, KAR A TAƁA. Duk wanda ya san aikinmu ya san irin wannan sunan shi ake fara taɓawa.

Na buɗe. Hoton ɗakin da mata masu ɗinki ke canja kaya ne, an ɗauko shi daga sama, ta ragar fankar da ke zuƙe iska. Matan da nake gaisawa da su kullum, wata na cire riga, wata na gyara zane, wata na tatsar nono a kwalba don jaririnta. Na duba masu izinin shiga, ga Manaja, ga wasu abokansa na waje da na sha kai wa ruwa a falon yayata. Har da 'yan kalamai suke bar wa juna a ƙarƙashin hotunan, irin waɗanda baki ba zai iya maimaitawa ba. Fuska ta ƙarshe da na gani ita ta sa na fizge wayar wuta daga bango.

Wallahi warin masan nan ya fi mini wannan sauƙi. Na wanke fuska, na sake wankewa, ƙyamar ba ta fita ba. Na ari tsani a sito, na jira lokacin cin abinci, na hau na kwance ragar fankar.

Ka'idar gina sabo ita ce a tara shugabannin sassa, kowa ya faɗi tasa. Na tara su ba tare da neman izinin kowa ba. Akawu ya zo, mai sito ya zo, sai shugabar masu ɗinki, dattijuwar da kowa ke kira Almakashi saboda kaifin bakinta. Manaja ya shigo a makare, ya sha mur. Na haska sunayen a bango ina kira, masu su na amsawa, har na iso ƙasa.

"Kar a taɓa. Ta waye?"

Aka kalli juna. Akawu ya ce ko ta aljanu ce, aka ɗan yi dariya.

"To, ba ta da mai ita. An bar ta a baya."

"Tawa ce!" Manaja ya faɗa da sauri, har yana miƙewa. "Ta harkar tsaro ce, ba ruwan kowa. A maido ta yadda take."

Da ya yi shiru da sai na sha wahala kafin in ɗaura masa ita. Amma kwaɗayi bai bar shi ba, ya amsa da bakinsa a gaban shaidu.

Na buɗe jaka na ajiye wani ɗan abu a tsakiyar tebur. Bai wuce maɓallin riga ba, da 'yar wayarsa kamar wutsiyar ɓera.

"Ga idonta," na ce. "A fankar ɗakin canja kaya na ciro shi. Ba zan haska abin da ke ciki ba, an kalle su ya isa haka."

Almakashi ta ƙura wa abin ido. Ta jawo mayafinta ta rufe ƙirji, ta riƙe shi gam da hannu biyu. Sai can ta ce, "Kar ki goge tsohon kwafin, 'yata. Ki kulle shi, hukuma za ta nema." Ta tashi ta nufi zauren ɗinki, ba a jima ba muka ji kekunan suna tsayawa.

Akawu da mai sito suka sulale. Manaja ya matso, zufa ta ci turaren, ya rage murya.

"Haba ƙanwata. Ki tuna da yayarki mana. Idan wannan ya fita ina za ta sa kanta?"

"Na tuna da ita," na ce. "Ranar da ta zo gwada rigunan da ka sa a ɗinka mata, a wane ɗaki kake zaton ta tuɓe? Kai ka yi tafiya a lokacin. Abokanka suna nan, sun kuma rubuta abin da suka gani."

Na bar shi nan tsaye. Na tattara kwamfutata na fita neman inda zan tsaya in kira yayata, kafin ta ji a bakin wani.